Ruwan da Inna ta ƙi sha a Pauwa

Ni ne ɗan farin Inna. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi: tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, “Ke, kira mani wancan.” In na shiga gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon faifan da ke hannunta, kamar da shi take gaisawa. Ba ƙi ba ne, kunya ce irin ta iyayenmu. Ban taɓa shakkar tana sona ba, don tun ina ƙarami nakan tarar da tsoka ɓoye a ƙarƙashin tuwona, kuma ba wanda zai ce ga hannun da ya sa ta.

Ni ma haka na tashi da kunyarta. Ban iya zama mu yi hira ba, ban iya tambayarta ina ke mata ciwo ba. Abin da na iya shi ne kawo kaya. In sayo atamfa ko kifi ko goro, in ajiye a bakin ƙofa, in yi gaba kafin a yi godiya.

Karatuna bai wuce firamare da na allo ba. Ina da rumfar gyaran babura a bakin titi a Sheme, a nan nake zaune da iyalina. Inna tana Daudawa, a gidan mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Asalinta ’yar wajen Sabuwa ce, mace ce da ba ta iya zama hannu sake. In ba ta sussuka tana tankaɗe, in ba ta tankaɗe tana bayan gida wurin kuɓewarta. Mu biyu muka rage mata, ni da ƙanwata, wadda ke aure a Pauwa, can ƙasar Ƙanƙara.

Shekarun baya wani maruru ya fito wa Inna a hannu ya ƙi warkewa. Da aka kai ta asibiti aka auna, sai aka ce ciwon suga ne, irin wanda ke kama manya. Ni na kai su har ƙofar ɗakin likita, amma ban shiga ba. Yaya zan zauna ana tambayar Inna sau nawa take fitsari? Na tsaya a waje ina duba tayar babur ɗina, ƙanwata ce ta shiga ta ji bayani. Da muka koma gida, a gaban ’yan’uwan mahaifinmu, na ɗaga murya na ce maganin Inna a wuyana yake har illa ma sha Allahu. Aka yi ta sa mani albarka, na ji daɗi ƙwarai. Amma da za a tsare ni a ranar a ce in faɗi abin da ciwon yake yi wa jiki, iyakar abin da zan ce shi ne kada a sa mata suga a koko. Ban nemi sani ba, wannan shi ne laifina na farko, kuma daga shi sauran suka fito.

Ƙwayoyi ne take sha safe da yamma. Ina sayowa duk wata, wani lokaci in makara da kwana biyu ko uku, ban ga ta faɗi ba. Sai zuciyata ta fara raya mani cewa ciwon ba wani babba ba ne.

A wata bazara, irin wadda kaza ke buɗe baki a inuwa, ƙanwata ta haifi ɗanta na huɗu. Uwar mijinta ta riga mu gidan gaskiya, babu mai tsaya mata a wankan jego, sai Inna ta ɗaure kayanta ta tafi Pauwa. Ta tafi da sauran ƙwayoyinta a wani ɗan gwangwani. Ana gobe suna ƙanwata ta kira ni a waya.

“Yaya, in za ka taho gobe, Inna ta ce ’yan abubuwan nan sun kusa ƙarewa.”

“Waɗanne abubuwa?”

“Kai ma ka sani. Na gwangwani.”

Na ce to. Washegari na je suna da sabuwar shadda da turmin atamfa na mai jego, na ci naman suna, na yi barka, na dawo. Sai da na iso Sheme na tuna. Na ce ranar kasuwar Ƙanƙara zan shiga in kai. Ranar ta zo, babura suka cika mani rumfa, na ce sai ta sama. Haka aka yi mako biyu da ’yan kwanaki Inna ba ta sha ƙwaya ko ɗaya ba. Ba ta sake aikowa ba. A ganinta, tuni sau biyu ga ɗan fari roƙo ne, ita kuwa ba ta roƙona.

Abin da ke faruwa a gidan, sai daga baya na ji shi. Gidan surukan ƙanwata babban gida ne, amma bayi ɗaya ne, yana can kusurwa. Kafin ka kai gare shi sai ka wuce ta gaban wata rumfar kara, inda baban mijinta yake wuni. Alhaji tsoho ne mai kirki, ƙafa ta hana shi zuwa gona, daga shi sai rediyonsa da carbinsa. Da sugan Inna ya fara hawa, fitsari ya matsa mata, sai ta riƙa ɗaukar buta a kai a kai. Shi kuma Alhaji, saboda girmama baƙuwa, duk wucewar da za ta yi sai ya rage muryar rediyo ya ce, “Sannu, Hajiya.” In ta fito ya ce, “Sannu da aiki, Hajiya.” Ba ta je Makka ba, amma haka yake kiranta. Ta wuce sau biyar, sannu biyar. Ta wuce sau goma, sannu goma. Shi bai san yana yin komai ba. Ita kuwa ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige, wai suruki yana ƙirga mata zuwa bayi.

Sai Inna ta yanke wa kanta shawara: ta daina shan ruwa da rana. In ƙishirwa ta dame ta sai ta kurkure baki ta zubar. Ga shi tun asuba tana gaban murhu, tana iza itace a ƙarƙashin ƙatuwar tukunyar ruwan wanka, safe da yamma, zufa na tsiyaya. Abin da take ɗan sa wa cikinta shi ne kunun kanwar mai jego, wanda ake zuba wa suga ba iyaka. A nan gaban murhun ne garwashi ya faɗo mata a ɗan yatsan ƙafa. Ba ta ji zafinsa ba sai da ta gani, don ciwon ya riga ya kashe mata jin ƙafa. Ta naɗe wurin da tsumma, ba ta gaya wa kowa ba.

Ƙanwata ta sake kirana, ta ce Inna ta rame, jiri yana ɗibarta, in ta tashi sai ta dafa bango. Nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin nauyin kaina. Na tashi zan tafi, na biya shagon magani, mai shagon ya tambaye ni sunan ƙwayar. Ban riƙe sunan ba, da kwalin da ya ƙare nake zuwa kullum, kwalin kuma yana Daudawa. Komawa ɗauko shi ba wata tafiya ba ce. Amma ga shagon kayan masarufi a gefe, sai na shiga na sayi katon guda na lemon gwangwanin nan mai duhu, wanda muke cewa yana ƙara jini, da madarar ruwa, da kwalbar zuma. Na gaya wa kaina ai rama ce, jini take buƙata. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu ita ce, ƙwaya a aljihu take tafiya, ba mai ganinta. Katon kuwa a bayan babur ake ɗaure shi, duk Pauwa za ta ga ɗan Hajiya ya zo duba uwarsa.

An kuwa gani. Alhaji ya yi ta cewa, “Allah Shi yi albarka, haka ake son ɗa.” Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin da Inna take, na gaishe ta. Muryarta ta yi ƙasa, amma ban ɗaga ido na dube ta sosai ba. Da na duba da na ga leɓenta. Na ja ƙanwata gefe na ba ta umarni kamar wani likita: gwangwani biyu da safe, biyu da yamma, a haɗa da madara.

“Yaya, wannan ba shi da zaƙi kuwa? Likita fa ya ce...”

“Suga ya ce. Kin ga suga a ciki? Wannan na ƙarin jini ne.”

“Ƙwayoyin fa?”

“Jibi.”

Ta bi umarnina, don ni ne babba. Inna kuwa da aka kai mata ta sha, don daga hannuna ya fito. Ta ma ga ya yi mata daidai: a lissafinta ɗan gwangwani ɗaya ba zai kai mutum bayi kamar moɗa uku ta ruwa ba.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, ina kwance a ƙarƙashin wani babur, waya ta yi ƙara. Ƙanwata ce, tana kuka.

“Yaya, ka taho yanzu. Tun jiya Inna ke magana ba kan gado. Yau ko tashi ba ta yi ba.”

Ban wanke hannu ba na hau babur. Kafin azahar ina Pauwa. Na tarar da ɗakin cike da matan maƙwabta da hayaƙin turare. Wata ta ce iska ce ta buge ta a gaban murhu, wata ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, don hannunta na dama ya saki. An karɓo rubutu tun jiya, ba ta iya haɗiyewa sosai ba. A karon farko a rayuwata na wuce bakin ƙofa na durƙusa dab da tabarmarta. Idanunta sun faɗa ciki, leɓenta ya tsattsage, harshenta ya bushe kamar ƙirgi. Na taɓa hannunta, fatar ta tattare ta tsaya yadda na kama ta.

Sai ta buɗe ido ta dube ni, ido cikin ido, ta kira sunana. Sunan yanka, cikakke, a gaban matan nan duka.

“Ka kai wa babanka ruwa gona,” in ji ta. “Rana ta yi, yana jin ƙishi.”

Mahaifinmu ya shekara goma sha a ƙasa. Maganar baban ba ita ta fi tsorata ni ba, sunan ne. Na san muddin Inna tana cikin hayyacinta, ko wuƙa aka sa mata ba za ta faɗe shi ba.

Cikin ruɗewa na ƙara wani laifin. Na taɓa ji a hirar rumfa cewa in mai ciwon suga ya faɗi, abu mai zaƙi ake ba shi. Na ɗauko zumar da na kawo, na dama da ruwa, na ɗaga kanta na fara ɗura mata da cokali. A cokali na uku ta sarƙe, ta yi ta tari har idonta ya juye. Ƙanwata ta fizge kofin daga hannuna, abin da ba ta taɓa yi mani ba.

“Ya isa, Yaya! Ya isa haka!”

Daga waje muka ji muryar Alhaji, ya dogaro sandarsa har ƙofar ɗakin.

“Wagga ba iska ba ce. Ku ɗauke ta ku tahi Ƙanƙara tun rana na sama. In la’asar ta yi, kun san hanyar ga ba ta biyuwa.”

Mijin ƙanwata ya samo wata a-kori-kura da ta sauke masara. Muka shimfiɗa katifa a baya. Ƙanwata ta goya jaririnta ta hau, aka ce mata wankan yamma fa, ta ce wanka ya jira. Ni na riƙe kan Inna a cinyata, ina kare mata rana da hulata. Duk ramin da motar ta faɗa sai in sunkuya in ji ko tana numfashi.

A asibiti wata nas ce ta karɓe mu, mace mai zafin nama da zafin baki. Ta soki yatsan Inna, ta ɗiga jinin a wata ’yar na’ura. Na’urar ba ta nuna lamba ba, sai wasu haruffa biyu. Nas ɗin ta ce sugan ya wuce abin da na’urar ke iya ƙirgawa. Ta ƙwala wa likita kira, tana ɗaure hannun Inna tana neman jijiya, tana jefo mana tambaya.

“Wa ke kula da maganinta?”

Na ce ni ne.

“Yaushe rabonta da sha?”

Na dubi ƙanwata. Ta ce an kusa mako uku.

“To mi take ci, mi take sha?”

Wannan karon ƙanwata ce ta dube ni. Na faɗi da bakina: lemo, madara, da zumar ɗazu.

Nas ɗin ta ɗago ta kalle ni tun daga hula har takalmi. “Malam, kai ɗanta ne ko mai shagon lemo?”

Jijiyoyin Inna duk sun kwanta saboda bushewa, sai a huda ta uku aka samu. Aka rataya ledar ƙarin ruwa, aka sake ta tana gudu kamar famfo. Aka ɗebi jini a kwalabe za a duba gishirin jiki da ƙoda. Nas ɗin ce ta ji wari, ta kwance tsumman ƙafar, ta ce, “Ga ɓarawon nan.” Yatsan ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura. Da za su sa mata robar fitsari sai na fita.

A baranda na tare likitan, wani saurayi da bai kai ni shekaru ba. Na ce don Allah ya yi mata babbar allura, wadda za ta sauke sugan nan take. Ya ja ni muka zauna a benci. Ya ce in suga ya yi yawa a jini, jiki kan yi ƙoƙarin zubar da shi ta fitsari, yana tafiya da ruwan jiki gaba ɗaya. In mutum yana shan ruwa, yakan ɗan riƙe. In bai sha ba, ga zafi, ga ciwo a ƙafa, ga zaƙi ana ƙarawa, sai jinin ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, ƙwaƙwalwa ta rasa ruwa, mutum ya fara sambatu, daga nan sai suma.

“Don haka ruwa ne maganinta na farko,” in ji shi. “Allurar insulin tana tafe, amma kaɗan-kaɗan, muna aunawa duk awa. Ka taɓa ganin an sauke tukunyar ƙasa daga wuta an sheƙa mata ruwan sanyi?”

Na ce fashewa take yi.

“To haka kan mutum yake. In muka sauke sugan da gaggawa, mu za mu yi mata illa.”

Na tambaye shi maganar zuma, don ta tsaya mani a rai. Ya ce abin da na ji a rumfa akwai shi, amma wannan faɗuwar suga ce, takan zo farat ɗaya da zufa da rawar jiki, ga wanda ya sha magani bai ci abinci ba. Na Inna kuwa hawa ne, a hankali yake zuwa, kwana da kwanaki, da ƙishirwa da yawan fitsari da bushewar baki da yawan barci. Na’ura ce kaɗai ke raba gardama. Ya ce kuma ko wanne ne, ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki, ana iya tura shi huhu. Na ce za ta tashi? Ya ce ba zai yi mani alkawari ba, tsufa ne ga ƙoda ta ji jiki, amma kwana biyun farko za su nuna.

Kwana biyun nan ban san yadda suka wuce ba. Leda ta ƙare a rataya wata, na daina ƙirgawa. Duk awa a soki yatsa, a rubuta a takardar da ke rataye a gadon. Da yamma na’urar ta fara nuna lamba, nas ɗin ta ce har yanzu sama take ƙwarai, amma ko ba komai an shigo gari. Suna duba fitsarin da ya taru a leda kamar masu auna hatsi, suna yi mata allurar ciwon ƙafa da wata ta hana jini daskarewa. Ƙanwata ke kwana da ita, ni in wuni. Nas ɗin, wadda ta ƙi sakar mani fuska, ita ta ba ni aiki: in riƙa jiƙa auduga ina goga wa Inna a leɓe, in taya su juya ta kada bayanta ya yi gyambo, in sa matashi a ƙarƙashin ƙafafunta don diddige ya huta. Shekara arba’in da ’yan kai ban taɓa riƙe ƙafar Inna ba. Na ga faso a diddigenta, na ga tabon lauje a ƙaurinta wanda ban san da shi ba. Ina shafa mata mai ina istigfari, ina cewa Allah in Ka ɗauke ta a wannan kwanciya, da wane ido zan dubi ƙanwata.

A rana ta uku da safe, ina zaune a ƙarshen gadon da ƙafarta a hannuna, sai na ji ta motsa. Ta buɗe ido, ta dubi silin, ta dubi ledar ruwa, sannan ta gan ni. Nan take ta janye ƙafar, ta laluba mayafi ta rufe fuska. Muryarta a dishe ta ce wa ƙanwata:

“Ke, mi wancan ke yi a ɗakin mata?”

Ƙanwata ta fashe da dariya da kuka a haɗe, har jaririn ya farka. “Alhamdu lillahi! Yaya, fita, Inna ta dawo!”

Na fita. A bakin taga na tsaya, ina jin abin da suke cewa.

“Inna, kin san kin kira sunanshi a Pauwa? A gaban mutane?”

“Ƙarya kike, ɗiyar nan.”

“Wallahi. Har da ƙarasawa.”

“To ba ni ba ce. Ba ni ruwa.”

Ta shanye kofi biyu. A nan nas ɗin ta zauna ta lallashe ta har ta faɗi dalilin barin shan ruwa, da rumfar Alhaji, da sannu-sannun da ta ishe ta. Nas ɗin ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗaure fuska ta ce, “Hajiya, daga yau ko sarki ne zaune a ƙofar bayi, ki ɗauki butarki ki wuce.”

Hannun da ya saki ya dawo da kansa bayan jiki ya sami ruwa. Yatsan ƙafar ne bai tsira ba, sai da aka cire shi. Mun yi kusan mako biyu a asibitin. Labarin rumfa ya kai kunnen Alhaji ta bakin ɗansa, tsohon ya sa aka ɗauko shi a mota har Ƙanƙara. Ya tsaya daga ƙofa ya ce, “Hajiya, ashe gaisuwata ce ta kwantar da ke? Ki gafarce ni.” Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Kafin a sallame mu, mijin ƙanwata ya sa an haƙa wani bayin a ɓangaren mata.

Ranar sallama likita ya ce a shigo a ji bayani. Na ga ƙafata tana neman tsayawa a ƙofa kamar wancan karon, sai na tura ta ciki. Aka koya mani yin allurar insulin, don za ta ɗan jima a kanta kafin a ga ko za a mayar da ita kan ƙwaya. Aka koya mani awo da ’yar na’urar. Aka ce in ta kamu da zazzaɓi ko wani ciwo, ba a daina magani, awo ake ƙarawa da shan ruwa. In awon ya ƙi sauka, ko ta fara yawan barci da ruɗewa, kada a jira gobe. Na sa nas ɗin ta rubuta mani sunan kowane magani da manyan baƙaƙe. Tana miƙo mani takardar ta ce, “Mai shagon lemo, a riƙe amana.” A ranar ce kaɗai ta yi mani murmushi.

Sheme na wuce da Inna, gidana, don wankin ƙafar. Ta yi gardama, ta ce uwa ba ta zama gidan ɗan fari, na ce likita ne ya ce, alhali bai ce ba. Allah Ya yafe mani wannan ma.

Na yi kwanaki ina juya maganar da zan faɗa mata. Wata safiya bayan na yi mata awo na yi allura, matata ta fita ɗauko koko, muka rage mu biyu. Ƙafar tana miƙe a kan matashi da bandejinta, gurbin yatsan a fili. Maimakon in tashi sai na gyara durƙuso.

“Inna, ni na ja maki wannan. An gaya mani magani ya ƙare, ban kai ba. Na kai maki abin da ya kusa kashe ki, kuma don a gani a yaba na kai shi. Ki yafe mani.”

Ta murza bakin zanenta.

“Ɗura mani aka yi?” in ji ta. “Da hannuna na ɗauki lemon. Ina sha ina sanin zaƙi gare shi, ai ba yarinya ba ce ni. Na ce tun da an ɗauko shi tun daga Sheme cikin ranar nan, ba ya komawa.”

“Duk da haka, Inna.”

“An yafe. Duniya da lahira. Yatsa ɗaya ne, sauran tara sun ishe ni zuwa inda za ni.”

Na kasa tashi. Hawaye suna zuba a kan tabarma, ina jin kunyar share su. Ta ɗan kawar da kai wajen ƙofa, ta ɗaga murya yadda matata za ta ji daga madafa.

“Ke, zo ki ce ma mijinki ya tahi ya buɗe rumfa. Tun ɗazu nake jin masu babura na ta oda a bakin titi.”

Na tattara allurar da na’urar na sa a jakarsu, na cika mata moɗa da ruwa na ajiye inda hannunta zai kai, na fita.